ƘAYYADE KUƊIN HAYA: HAƘƘIN ƊAN HAYA DA HAƘƘIN MAI GIDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

GABATARWA

Ya 'yan'uwana samari, darasinmu na wannan karo a kan kuɗin haya ne. Mafi yawanku 'yan haya ne. Wani ɗalibi ne, su uku suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki. Wani yana koyon sana'a a garin da ba nasu ba. Wani kuma an sa masa rana, yana ta yawo da dillali yana neman ciki da falo. Duk wanda mai gida ya taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa ya ce masa daga sabuwar shekara an ƙara, ya san zafin abin. Shi ya sa da zarar an ji cewa gwamnati za ta ƙayyade kuɗin haya, sai ka ji samari suna ta hamdala, suna cewa yau masu gidaje sun gamu da gamonsu.

To, amma musulmi ba ya yanke hukunci da abin da ya yi wa aljihunsa daɗi. Tambayarsa ita ce: me shari'a ta ce? Ku tuna kuma, ba kowane mai gida ne attajiri ba. Sau da yawa wata gwauruwa ce da mijinta ya bar mata ɗakuna shida, da su take ciyar da marayu. Sau da yawa wani tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa duka a gini. Kai ma da kake ɗan haya yau, gobe ana iya raba gado ka wayi gari mai gida. Saboda haka za mu duba abu uku: hukuncin ƙayyade farashi a wurin malamai, da abin da ƙayyadewar take yi wa mai gida, da abin da ya faru a ƙasar da aka jarraba ta shekara da shekaru.

FASALI NA ƊAYA: MECE CE HAYA A SHARI'A?

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, haya ciniki ce. Abin da ya bambanta ta da saye da sayarwa shi ne, a haya amfanin abu ake sayarwa, shi kuwa abin yana nan a hannun mai shi. Malamai suna kiranta ijara, malaman Malikiyya kuma sukan keɓe hayar gida da ta dabba da sunan kira'i. Tun da ciniki ce, sharuɗɗan ciniki suna hawa kanta. Dole a san kuɗin, a san gidan, a san lokacin da aka yi alkawari a kansa, kuma dole kowane ɗaya daga cikin biyun ya yarda. Allah Ta'ala ya hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, sai dai ta ciniki bisa yardar juna, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 29. A farkon Suratul Ma'ida kuma ya umurci muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka yi.

Daga nan haƙƙoƙi biyu suke fitowa. Ɗan haya ya mallaki zama har ƙarshen lokacin da aka ɗiba, mai gida ba shi da ikon ya tashe shi ko ya yi masa ƙari a tsakiya. Mai gida kuma ya mallaki kuɗinsa, gidansa ya dawo hannunsa idan lokaci ya cika. Gyaran da zama ba ya yiwuwa sai da shi, kamar kwanon da yake yoyo ko bangon da ya tsage ko masai da ya rufta, yana kan mai gida. Ɗan haya kuwa gidan amana ne a hannunsa, abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci shi zai biya. Ku riƙe wannan maganar ta gyara, za mu dawo kanta.

FASALI NA BIYU: SHIN HUKUMA TANA DA IKON YANKE FARASHI?

Wannan mas'ala malamai suna kiranta tas'iri, watau shugaba ya yanke farashi ya ce kada a wuce shi. Asalinta hadisin Anas ɗan Malik ne, Allah ya ƙara masa yarda, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito. Kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (S.A.W.) ya yanke musu farashi. Bai yanke ba. Ya nuna musu cewa hawa da saukar farashi da yalwa da ƙunci duk a hannun Allah suke, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa ba wanda yake binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Ku lura da yadda ya haɗa yanke farashi da zalunci a dukiya. Da wannan hadisi mafi yawan malamai suka kafa hujja cewa asali bai halatta a tilasta wa mutum ya sayar da kayansa a kan kuɗin da bai yarda da shi ba.

Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Malaman Hanafiyya sun ce idan masu kaya suka wuce gona da iri, har ya zama ba a iya kare haƙƙin jama'a sai da ƙayyadewa, shugaba yana iya yi bayan ya shawarci masana harkar. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan hijira, ya warware mas'alar a littafinsa na Hisba, almajirinsa Ibnul Ƙayyim kuma ya bi sawunsa. Sun raba tas'iri gida biyu. Idan tsada ta zo ne domin kaya sun yi ƙaranci ko mutane sun yi yawa, masu kaya kuwa suna sayarwa yadda aka saba, to tilasta musu wani farashi zalunci ne, shi ne irin wanda Annabi (S.A.W.) ya ƙi. Idan kuwa masu kaya ne suka haɗa baki, ko suka ɓoye abin da mutane ba su da makawa sai shi, suka ƙi sayarwa sai da ƙari a kan ƙimarsa, to tilasta musu su sayar a kan ƙimar da ta dace adalci ne. Har gidan kwana Ibnu Taimiyya ya ambata: idan mutane suka matsu, ba su da wurin fakewa sai gidan wani, wajibi ne ya ba su wuri.

Abin lura a nan, ya 'yan'uwa, shi ne ma'aunin da suka ajiye. Idan an tilasta, ana tilastawa ne a kan ujratul misli, watau kuɗin da ake biyan irin wannan ɗaki, a irin wannan unguwa, a wannan lokaci. Ba su ce a ba mabukaci a kan abin da ya ga dama ba.

Yaya za a gano wannan ƙima? Ibnu Habib, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya faɗi hanya, Imam Al-Baji kuma ya kawo ta a sharhinsa na Muwaɗɗa. Shugaba ya tara manyan masu wannan sana'a, ya kira wasu amintattu daban domin a tabbatar da gaskiyar abin da za su faɗa, ya tambaye su nawa suke saye nawa suke sayarwa, sa'an nan a daidaita a kan farashin da zai bar musu riba kuma ba zai cuci jama'a ba. Al-Baji ya yi gargaɗi cewa idan aka yanke musu farashin da babu riba a cikinsa, abin da zai biyo baya shi ne lalacewar kasuwa da ɓoye kaya da asarar dukiyar mutane. Malamin nan ya rasu a shekara ta 474 bayan hijira, amma in kun ga abin da ke tafe sai ku ce jiya ya yi maganar.

FASALI NA UKU: ABIN DA ƘAYYADEWA TAKE YI WA MAI GIDA

Bari mu buga misali da gwauruwar nan mai ɗaki shida. A ce kowane ɗaki Naira 60,000 ne a shekara, watau tana karɓar Naira 360,000. Sai doka ta zo ta ce ba ƙari har illa ma sha Allahu. A ce kuma farashin kaya yana hawa da kashi 20 cikin 100 kowace shekara. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu, domin a ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin 100. Ku yi lissafi: cikin shekara 4 farashi ya ninka. Kuɗin nata yana nan 360,000 a takarda, amma a kasuwa rabin abin da yake saye da ne. Cikin shekara 10 bai fi kashi ɗaya cikin shida ba. Masara ta hau, kuɗin makaranta ya hau, siminti da kwano da ladan magini sun hau, ita kaɗai aka ɗaure wa hannu. Ashe ke nan an ɗauki nauyin talaucin gari duka an aza wa mace ɗaya.

Me mai gida yake yi idan ya sami kansa a wannan hali? Abu huɗu aka saba gani.

Na ɗaya, yakan daina gyara. Mun ce gyara wajibinsa ne, amma da me zai yi shi? Kwano ya yi yoyo, a tara bokiti. Bango ya tsage, a ce sai Allah ya hore. Wanda yake kwana a ƙarƙashin wannan rufi kuwa ɗan haya ne.

Na biyu, yakan janye gidan daga haya. Ya sayar, ko ya fasa bangon waje ya mai da shi shaguna, ko ya kulle ya ce ɗansa zai yi aure. An auna wannan a birnin San Faransisko na Amurka. A 1994 aka faɗaɗa dokar ƙayyade haya ta haɗa da ƙananan gidajen da aka gina kafin 1980. Masana daga Jami'ar Stanford suka bi sawun abin, suka tarar waɗanda suke ciki sun amfana, sun daɗe a gidajensu, amma masu gidajen da dokar ta shafa sun rage ɗakunan haya da kashi 15 cikin 100, haya kuma ta hau da kusan kashi 5 cikin 100 a sauran gari.

Na uku, mai kuɗin da yake niyyar gini yakan fasa, ya kai dukiyarsa wani wuri. Tsadar haya kuwa tushenta ƙarancin ɗakuna ne. In ba a gini, ƙarancin sai ƙaruwa.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muni ga addinin mutum, ƙofar ƙarya takan buɗe. A rubuta kuɗin doka a rasit, a karɓi sauran a bayan fage da sunan kuɗin goro. Mai gida ya yi ƙarya, ɗan haya ya yi shaidar zur, dillali ya ci la'ada sau biyu.

Yanzu ku tambayi kanku: wa wannan ya fi cutarwa? Wanda ya riga ya sami ɗaki ya huta. Wanda yake nema, watau saurayi mai shirin aure, shi ne zai zaga gari bai samu ba, in ya samu kuma sai ya biya a ɓoye. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

FASALI NA HUƊU: DARASI DAGA ƘASAR MASAR

Kada wani ya ce wannan lissafin takarda ne. Akwai ƙasar musulmi da ta bi wannan hanya fiye da shekara 60, ita ce Masar. Bayan juyin mulkin 1952, gwamnati ta rage kuɗin haya da ƙarfin doka, ta sake ragewa a zamanin Jamal Abdul Nasir. Niyyar ita ce a kare talaka. Daga baya doka mai lamba 49 ta 1977 da mai lamba 136 ta 1981 suka tabbatar da abu biyu: kuɗin ba ya motsi, kuma hayar ba ta ƙarewa. Mutum ya mutu, matarsa da 'ya'yansa da suke zaune tare da shi su gaji zaman a kan tsohon kuɗi.

Ku auna wannan da fiƙihu. Imam Malik da Shafi'i da Ahmad sun ce haya ba ta warwarewa da mutuwa, amma abin da magada suke gada shi ne sauran lokacin da aka yi alkawari, ba zama na har abada ba. Hayar da mai gida ba shi da ranar karɓar gidansa, mallakarsa ta zama suna kawai.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da Al-Baji ya faɗa. Fam ɗin Masar ya yi ta faɗuwa, haya tana tsaye, har aka kai ga gidaje a manyan unguwannin Alƙahira da Iskandariyya waɗanda hayarsu ta wata ba ta sayen kilo ɗaya na nama. Masu gidaje suka bar gyara, benaye suka tsufa. Wasu 'yan haya suka gina nasu gidajen ko suka tafi aiki ƙasashen waje, suka kulle na hayar suka riƙe mabuɗi, domin biyan ba ya yi musu nauyi. Wasu ba sa tashi sai mai gida ya biya su kuɗi masu yawa. Wanda ya gina sabon gida kuma yakan gwammace ya kulle shi da ya sa ɗan hayar da ba zai fita ba. Samari suka rasa wurin kai amarya.

A 1996 aka yi doka mai lamba 4, ta saki sababbin yarjejeniyoyi, amma tsofaffin suka ci gaba. A 2002 kotun tsarin mulki ta tsayar da gadon haya a kan zuriya ɗaya. Ƙidayar 2017 ta nuna akwai gidaje da shaguna kimanin miliyan 3 a ƙarƙashin tsohuwar haya. A watan Nuwamba 2024 kotun ta yanke hukunci cewa daskarar da kuɗin haya ya saɓa wa tsarin mulki. Sai aka yi doka mai lamba 164 a 2025. Ta ba gidajen zama wa'adin shekara 7, wuraren sana'a shekara 5, bayan nan tsohuwar haya ta ƙare. Ta ninka kuɗin sau 20 a manyan unguwanni, kada ya gaza fam 1,000 a wata, sau 10 a sauran, da ƙarin kashi 15 cikin 100 kowace shekara.

To, kun ga wani sabon kuka kuma. Akwai tsofaffi masu ɗan fansho waɗanda a gidan aka haife su, ba su san wani wuri ba, yanzu suna ƙirga shekarun tashi. Dokar ta ba su damar neman gida daga hukuma, amma fargaba ba ta bar su ba. An cuci masu gida shekara da shekaru, ranar warwarewa kuma zafin ya faɗa kan raunana. Abin da aka ɗaure da zalunci, kwance shi ma sai an ji ciwo.

FASALI NA BIYAR: TO, A BAR MASU GIDA SU YI YADDA SUKA SO?

A'a. Annabi (S.A.W.) ya hana cuta da cutarwa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, ya kuma kira mai ɓoye kaya mai saɓo a hadisin da Muslim ya ruwaito. Hukuma tana da aiki a nan, kuma akwai hanyoyin da suka fi daskarar da farashi kusa da adalci.

Tana iya hana ƙari a tsakiyar yarjejeniya, ta wajabta ba da isasshen notis, ta iyakance kuɗin da ake karɓa a gaba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ajiye notis na wata 6 ga mai biyan shekara idan ba a rubuta wani abu daban ba. A Gana dokar haya ta 1963 ta tsayar da biyan gaba a wata 6. Sai dai 'yan'uwanmu na Legas da na zangunan Kumasi da Ankara shaida ne cewa inda ɗakuna suka yi ƙaranci, mutane sukan biya abin da doka ta hana da hannunsu, domin ba su da zaɓi.

Idan matsi ya kai a ƙayyade kuɗin kansa, to a cika sharuɗɗan malamai: a tabbatar akwai cutar da ta game jama'a, a zauna da masu gida da 'yan haya da masana gini, a bar wa mai gida kuɗin gyara da riba, a riƙa sake duba kuɗin yadda kasuwa take tafiya, a kuma sa wa dokar wa'adi. A watan Satumba 2025 Saudiyya ta dakatar da ƙarin haya a birnin Riyad, amma ta ɗiba wa abin shekara 5, ta kuma ƙara haraji a kan filayen da aka killace aka ƙi ginawa. Ko ba komi, an san ranar ƙarewa, an kuma taɓa tushen ciwon. Taimakon mabukaci kuwa nauyin baitulmali ne da zakka da waƙafi da mawadatan gari baki ɗaya. Ba a ɗora shi a kan mutum ɗaya domin kawai ya yi gini.

NASIHA

Ya kai mai gida, ko kai da kake karɓar haya a madadin mahaifinka, ka ji tsoron Allah. Halaccin ƙari ba lasisin zalunci ba ne. Kada ka cire wa mutum ƙofa ko ka yaye masa kwano domin ya tashi. Kada ka ninka masa kuɗi domin ka ga matarsa ta haihu ba shi da inda za shi. Wanda ya shiga ƙunci da gaske, Allah ya ce a saurara masa har ya samu, a Suratul Baƙara aya ta 280. Bukhari kuma ya ruwaito addu'ar rahama da Annabi (S.A.W.) ya yi wa mai sauƙi a saye da sayarwa da neman biya.

Ya kai ɗan haya, ka biya a kan lokaci. Jinkirin mai hali zalunci ne, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Kada ka sayi sabuwar waya kana ɓuya wa mai gida. Kada ka fake da doka ko da jan shari'a a kotu ka zauna wata da watanni a gidan marayu kyauta. Abin da alƙali ya bar maka alhali ka san ba naka ba ne, bai zama halal ba. Ku rubuta yarjejeniya, ku sa shaidu, ku faɗi kuɗi da lokaci da wanda gyara yake kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

TAMBAYOYIN BITA

1. Me ya sa Annabi (S.A.W.) ya ƙi yanke farashi a Madina?
2. Kawo kashi biyu na tas'iri kamar yadda Ibnu Taimiyya ya raba su.
3. Mece ce ujratul misli, kuma yaya ake gano ta?
4. Faɗi abu huɗu da mai gida yakan yi idan aka daskarar da haya.
5. A ina tsohuwar dokar Masar ta saɓa wa sharuɗɗan haya?

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya raba mu da haƙƙin mutane, ya hore wa marasa muhalli nasu na kansu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah ya yafe mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.